Hunturu a Ƙonni, Malbaza da Illela: Buhun Barcin Turawa Ya Shigo Gwanjo, Ko Zai Raba Masu Kwana a Fili da Ɗari?

Duk wanda ya taɓa kwana a garkar albasa a gefen Galmi cikin watan Janairu ba ya bukatar a ba shi labarin ɗari. Da almuru abin da sauƙi, domin ƙasa na riƙe da sauran zafin rana, mutum ya sha shayinsa ya miƙe a kan tabarma yana ganin kamar daren zai yi masa adalci. Sai can wajen ƙarfe uku zuwa huɗu al'amari ke canzawa. Iska ta kwanta, sama ta yi tas babu ko ɗigon gajimare, sanyi ya fara tasowa daga ƙasa yana ratsa tabarma, ya kama ƙugu da kafaɗa. Daga nan barci ya ƙare. Mai gadi ya tashi ya hura kara, ya tsuguna yana jiran kiran assalatu, kuma haka zai yi ta fama kullum har watan Fabrairu ya raba.

Idan aka zauna aka lissafa mutanen da ke kwana a fili a gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela a wannan lokaci, mai karatu zai yi mamakin yawansu. Akwai masu gadin garake da injinan ban ruwa a kwarin Magiya da kuma babban filin noman rani na Ƙonni, mai faɗin fiye da hekta 2,400, wanda madatsun Mozage da Zango ke shayarwa. Akwai Fulani da Buzaye da ke sauko da dabbobi cikin gonaki bayan an kwashe amfanin gona. Akwai direbobi da yaran mota da ke jiran lodi a masana'antar siminti ta Malbaza, ko masu yada zango a mararrabar Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi. Ga 'yan dako da fataken da ke isowa tun daren Talata domin cin kasuwar Ƙonni ta Laraba, ga masu jinya a harabar asibitoci, ga 'yan ci-rani na ƙasar Adar da ke kama hanyar Agadas da ɗan ƙunshinsu. A bayan kowa kuma ga almajirai, waɗanda yawancinsu rigar da suka yini da ita ita ce mayafinsu.

Direbobi kuwa sun ga ta kansu har sau biyu a 'yan shekarun nan. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Illelar Sakkwato ba (kada a haɗa ta da Illelar jahar Tawa) sai a Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙame ta har zuwa watan Maris na 2024. A duka lokutan biyu hunturu ya riski mutane a ƙarƙashin manyan motoci, suna gadin kayan da ba nasu ba.

Wani baƙon kaya a tulin gwanjo

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wani kaya da na ci karo da shi a rumfar wani mai gwanjo, ko bosho kamar yadda aka fi faɗa a nan, a kasuwar Ƙonni. Ya kwance dilar barguna da labulaye, sai ga wani dogon abu mai santsi, ruwan ganye, da zif tun daga sama har ƙasa da kuma hula a haɗe. Mai rumfar ya ajiye shi gefe guda domin a cewarsa ba ya tafiya, mata na ɗagawa su ce ya yi ƙanƙanta ga gado, maza kuma su ce bargon da bai da nauyi ba bargo ba ne. Ya ce in ina so in ba da abin da ya sawwaƙa. Na matsa shi a hannu sai ya shige kamar ba komai a ciki, na sake shi sai ya kumbura a hankali. A jikin 'yar takardar da ke wuyansa an rubuta 90/10, da wasu alƙaluma uku na ma'aunin sanyi.

Wannan shi ne buhun barci, irin wanda Turawa masu yawon daji da hawan duwatsu ke ɗauka a jakar baya. Kuma ba na auduga ko roba ba ne, na lallausan gashin agwagwa ne, wanda sabonsa a shagunan Turai yakan kama daga Yuro 150 zuwa sama, wato kusan jika 100 na sefa. A rumfar gwanjo kuwa bai kai darajar bargon China mai hoton damisa ba.

Dattawan Ƙonni sun san shi, ko da ba su taɓa shiga cikinsa ba. A shekarun 1980 da 1990, lokacin da yawon buɗe ido ke ci a Agadas, Turawa kan sauka a tashar Ƙonni da shi a ɗaure bisa jaka, su kwana ɗaya su wuce arewa, inda a duwatsun Abzin da Bilma sanyi kan sauka har ruwa ya daskare. Tawayen 2007 da sace-sacen baƙi da suka biyo baya sun kashe wannan harka. Yanzu buhun ya dawo ta wata ƙofar, cikin dilolin tsofaffin kaya da a da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, kafin rufe iyakar Benin a 2023 ya karkatar da yawancin kayan Nijar zuwa Lome da hanyar Burkina Faso.

Abin da zai ba mai karatu dariya shi ne, buhun da na gani na lokacin bazarar Turawa ne. Su a wurinsu daren da ma'auni ya nuna digiri 10 zuwa 15 dare ne mai daɗi, na fita shan iska da iyali. Mu kuwa wannan shi ne tsakiyar hunturunmu. A Ƙonni da Tawa matsakaicin sanyin asuba a watan Janairu yana wajen digiri 15 ne, wasu darare ya gangaro kusa da 10, a cikin fadama ma ya fi haka tsanani saboda iska mai sanyi ta fi nauyi, takan gangara ta taru a kwari kamar yadda ruwa ke yi. Ke nan mafi sauƙin buhunan da suke ɗinkawa, wanda suke rainawa, shi ne daidai da bukatarmu.

Ɗumin daga ina yake zuwa?

Mutanenmu na auna bargo da nauyinsa, kuma a nan kuskuren yake. Bargo ba ya samar da ɗumi ko kaɗan. Jikin mutum ne murhun: babban mutum da ke barci yana fitar da zafi kwatankwacin wat 80, kamar tsohon ƙwan lantarki. Aikin mayafi shi ne ya tsare iskar da jiki ya ɗumama kada ta gudu. Duk abin da ya fi iya riƙe iska a tsaye, shi ya fi ɗumi, ko da nauyinsa bai kai na hula ba.

To a wannan fage ba a samu abin da ya kai lallausan gashin agwagwa da na dinya ba. Ba gashin fiffike ake nufi ba, mai ƙashi a tsakiya. Wanda ake nufi shi ne na can ciki, a ƙirji da cikin tsuntsun, wanda duk matar da ta taɓa fige agwagwa ta san yadda yake tashi sama yana manne wa zane. Kowane ƙwara ɗaya yana da siraran rassa masu ɗimbin yawa da ke sarƙewa da na maƙwabcinsa, su yi dubban ƙananan aljihuna na iska. Masu sana'ar suna auna ingancinsa da yadda yake kumbura. Idan aka ga an rubuta 600 ko 800, ana nufin giram 28 na gashin zai cika wuri mai faɗin lita 10 ko lita 13. Mai karatu ya kwatanta: abin da bai kai nauyin ƙwan kaza ba ya cika rabin jarkar lita 25. Shi ya sa buhun bazara gaba ɗayansa ba ya wuce giram 500 zuwa 800, kuma in aka cusa shi a jakarsa bai fi ƙaramar kankana ba, alhali bargon China mai ninki biyu sai ya yi kilo uku ko fiye, ya cinye rabin buhun matafiyi.

Alamar 90/10 kuwa tana nufin kashi 90 cikin ɗari lallausan gashi ne, kashi 10 ƙananan gashin fiffike. In aka ga 50/50, to rabinsa ƙashi ne, zai yi nauyi, zai riƙa tsira ta jikin yadin yana sukar mutum.

Alƙaluman nan uku su ma suna da bayani, kuma nan ne mai saye ke ruɗewa. Tun shekarar 2005 Turai ke aiki da wata ƙa'ida ta gwaji, wadda a 2016 ta koma ta duniya da sunan ISO 23537. Ana sa wani mutum-mutumi mai ɗumi a cikin buhun, sanye da tufafin ciki, a kan shimfiɗa, a cikin ɗaki mai sanyi, a auna zafin da ke zurarewa. Adadi na farko shi ne sanyin da mace za ta yi barci a miƙe cikin jin daɗi. Na biyu shi ne iyakar da namiji zai iya barci a dunƙule. Na uku, wanda ya fi kowane ƙanƙanta kuma masu talla suka fi son nunawa, ba na barci ba ne sam, yana nufin mutum zai iya kai sa'o'i shida yana makyarkyata bai mutu ba. Don haka na farkon kaɗai za a duba. Mai kwana a fadamar Magiya ya nemi wanda adadinsa na farko ke tsakanin digiri 5 da 10. Sai kuma a lura, kayan da suka fito daga Amurka da ma'aunin Farenhait ake rubuta su: 50 a wurinsu 10 ne a wurinmu, 40 kuma kusan 4 ne. Kuma tsohon buhu da ya sha matsa a cikin dila ba zai kai abin da aka rubuta a jikinsa ba.

Shi kansa buhun barcin ba wani tsohon abu ba ne a Turai. A 1876 ne wani ɗan kasuwa na yankin Wales a Birtaniya, Pryce Pryce-Jones, ya yi rajistar wani bargon ulu da ake naɗewa a ɗaure, ya sayar wa sojojin Rasha dubbai. A 1922 kuma, a yunƙurin hawa Dutsen Everest, wani masanin kimiyya mai suna George Finch ya je da rigar da aka cusa wa gashin agwagwa, abokan tafiyarsa suka yi ta yi masa ba'a har sai da sanyi ya nuna musu wanda ya fi su dabara. A yau mafi yawan gashin daga ƙasar Sin yake fitowa, daga agwagin da aka yanka domin nama. Mafi tsadarsa kuwa na wata agwagwar teku ce a tsibirin Aislan, wadda ke cire gashin ƙirjinta da kanta ta shimfiɗa wa ƙwai, manoma su bi sheƙa-sheƙa suna tsinta.

Inda gizo ke saƙar

Na kai buhun wata garka da ke kusa da Gidan Idar, wurin wani dattijo da ya shekara fiye da ashirin yana gadi. Ya jujjuya shi, ya ja zif ɗin, ya dubi yadda ya tsuke a wajen ƙafafu ya kuma rufe kai sai fuska, sai ya miƙo mini abina, ya ce shi ba zai shiga likkafani da ƙafarsa ba tun Allah bai kira shi ba. Yaran da ke wurin suka fashe da dariya. Abin da bai sani ba shi ne, su ma Turawan sunan da suka ba wannan samfuri daga naɗaɗɗun gawarwakin Fir'aunonin Masar suka aro shi.

Da dariya ta lafa sai ya kawo hujjar da ta fi ƙarfi. Mai gadi ba barci ya je yi ba. In ya ji motsi wajen injin ban ruwa, ko dabbobi sun faɗa cikin albasa, dole ya miƙe nan take da sanda da tocila a hannu. Mutumin da aka zuge a cikin buhu har wuya, kafin ya lalubo kan zif ɓarawo ya kai gari. A yankin da ke kan iyaka, inda maganar 'yan bindiga da ɓarayin shanu ba labarin nesa ba ce, wannan ba abin wasa ba ne, kuma makiyayi ma abin da zai faɗa ke nan. Na ga gaskiyarsa. Wanda ya dace da mutanenmu shi ne mai kusurwa huɗu, wanda ake zuge zif ɗinsa gaba ɗaya ya zama bargo, mutum ya cusa ƙafafu kawai ya lulluɓa da sauran. Abin sha'awa, su ma matafiyan Turai da Amurka masu ƙin nauyi sun koma ga irin wannan, mayafi mai aljihun ƙafa ba tare da bayan ba.

Dalilinsu na cire bayan shi ne babban darasin da ya kamata kowa ya ɗauka, ko yana da buhu ko ba shi da shi. Gashin da mutum ya kwanta a kai ya matse, iskar cikinsa ta fice, bai da sauran amfani. Ƙasa kuwa tana zuƙe zafin jiki fiye da yadda iska ke yi. Wanda ya shiga buhun jika 100 ya kwanta a kan siminti ko danshin fadama zai kwana yana juyi, yayin da wanda ya tara karan dawa ko ciyawa ya ɗora tabarma da buzu zai yi minshari da tsohon gwado. Makiyaya sun daɗe da sanin haka, shi ya sa da wuya ka ga Bafulatani ya kwanta a tsurar ƙasa in da kara a kusa. Yaran tasha ma da ke rububin kwali da takardar buhun siminti ba shirme suke yi ba. Haka kuma wanda ya kwanta ƙarƙashin bishiya ko rumfa ko gindin rudun albasa ya fi wanda ke fuskantar sarari ɗumi, domin a daren da babu gajimare zafin jiki da na ƙasa sama yake tafiya kai tsaye.

Matsala ta biyu wuta ce. Yadin waɗannan buhuna nailan ne sirara. Tartsatsi ɗaya daga wutar kara ya isa ya huda shi, gashi ya fara fita kamar an fasa matashi, in kuma ya kama sosai narkewa yake yi ya manne a fata. Mutanenmu kuwa a bakin wuta suke kwana. Bargon ulu na gaske ya fi haƙuri da tartsatsi nesa ba kusa ba.

Ta uku ruwa. Gashin agwagwa in ya jiƙe sai ya dunƙule ya zama kamar jiƙaƙƙiyar kaza, ɗuminsa ya tafi, kuma yana daɗewa bai bushe ba. A nan dai hunturu ya yi mana rana, tun da iskarsa busasshiya ce ƙwarai. Amma mai ban ruwa da ya dawo da jiƙaƙƙen wando ya shige ciki, ko wanda ya rufe fuskarsa yana numfashi a cikin buhun har safe, shi ya jiƙa abinsa da kansa. Ga irin waɗannan, da kuma yara ƙanana masu fitsarin kwance, buhun da aka cusa wa zaren roba ya fi dacewa: ya fi nauyi, amma yana jure wanki, kuma shi ya fi yawa a gwanjo. Ban da haka akwai ƙaya da ƙarangiya, akwai kuma kunama da ke son wuri mai ɗumi, don haka a kakkaɓe kafin a shiga.

Wani malami da muka yi zancen da shi ya tayar da batun tsarki, tun da ba a san yadda aka yanka tsuntsayen ba. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, an lissafa ulu da gashin raƙumi da lallausan gashin tsuntsu cikin abubuwa masu tsarki ko da daga mushe ne, matuƙar yanke su aka yi, maganar tana kan ƙashin gashin ne da tushensa da ke cikin fata. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya yi barcinsa a ciki, ya yi sallarsa a kan buzu.

Mu ma muna da namu

Kada a ɗauka sai da Bature ya zo aka san maganin ɗari a ƙasar Hausa. Masaƙanmu sun yi gwado da luru na auduga mai kauri, fatake sun kawo sakala, Fulanin Masina a Mali kuma har yau suna saƙa bargon ulu da ake kira kasa, wanda makiyayi kan yi shekaru da shi. Bargon roba mai araha ne ya kore su daga kasuwa, ba don ya fi su ba. Shi kansa tunanin shiga cikin buhu ba baƙo ba ne: duk wanda ya bi ta zauren makarantar allo da asuba a watan Janairu ya ga yara a cikin buhunan hatsi, kawunansu kawai a waje. Abin tsoron shi ne wani lokaci buhun taki ne ko na irin da aka yi wa magani.

Muna ma da abin da ya yi kusa da gashin agwagwa, wato audugar rimi. Zarenta rami ne da shi a ciki, ba ya shan ruwa da wuri, har ta kai a zamanin yaƙin duniya na biyu da ita ake cusa rigunan ceto na jiragen ruwa. Rimi ya fi yawa a kudu, wajen Zariya da Kano, amma audugarsa na zuwa kasuwanni domin matasan kai. Aibinta biyu ne: tana kama wuta kamar fetur, kuma in ta daɗe tana shan matsa sai ta murƙushe ta zama gari. Ita kuwa audugar gona, wadda aka daɗe ana nomawa a Ƙonni da kwarin Magiya, ta fi nauyi amma ta fi aminci.

A ganina a nan ne ya kamata telolinmu da masu ɗinkin katifa su shigo. Babu wani sirri a ɗinkin buhun barci: yadi biyu ne da abin cusawa a tsakani, a ɗinke shi gida-gida domin kada abin ya gangara gefe guda, a rufe wajen ƙafa, a bar gefe ɗaya a buɗe. Telan da ke iya ɗinka babbar riga da aiki ba zai gagara yin wannan da atamfa ko kaki da auduga ba, kuma abin da zai fito ba zai ji tsoron tartsatsi kamar nailan ba. Ba zai shiga jakar baya ba, gaskiya ne, amma mai gadin garka da almajiri ba Dutsen Everest za su hau ba. Wanda nauyi ya dama shi ne makiyayi da ɗan ci-rani da mai tafiya a kan babur, su ne na gashin agwagwa zai yi wa amfani in sun dace da shi.

Dalilin da ya sa na ɗauki wannan magana da muhimmanci shi ne abin da mutane ke yi idan mayafi ya gaza. Sukan shigar da garwashi cikin ɗaki ko shago ko bayan mota, su toshe ƙofa da taga. Gawayin da ke ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Mutum ya fara da ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Wasu kuma wutar ce ke lasar zana ko katifa, shi ya sa gobara ta fi yawa a wannan lokaci. Ga yara da tsofaffi da ke cika asibitoci da tari da ciwon haƙarƙari, ga ƙura ta ƙara musu. Duk shekara masu hali da ƙungiyoyi na raba barguna, Allah Ya saka musu, amma ban cika ganin wanda ya haɗa da tabarma ko 'yar katifar soso ba, alhali yaron da aka ba bargo ya kwanta a kan siminti rabin sadakar ce ta isa gare shi.

Ga wanda ya ci karo da irin wannan buhu a kasuwar Ƙonni ko Badagishiri ko ta Lahadi a Illelar Sakkwato, gane na gashi ba wuya. A matsa a saki: na gashi yana shigewa sosai ya dawo a hankali, na roba yana turjewa kamar soso. A ɗaga shi a rana a duba ko akwai gidajen da suka zama wayam. A shinshina, in yana warin rima to ya taɓa jiƙewa ya ruɓe, a bar shi. A ja zif ɗin sama da ƙasa sau biyu ko uku. Ƙaramar huda ba ta hana saye, ana liƙe ta da ɗan ƙyalle.

Wanki kuma sai da lura, tun da kayan gwanjo ba a san jikin da ya fito ba. A jiƙa shi a babban baho da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu mara ƙarfi kaɗan, ban da omo mai yawa da ruwan bilic domin suna cinye maiƙon da ke sa gashin kumbura. A danna da tafin hannu, kada a murɗe, a ɗauraye har kumfa ta ƙare, a ɗauke shi a dunƙule kada nauyin ruwa ya yaga ɗinkin ciki. A shanya a kwance a inuwa mai iska, ana zuwa ana warware dunƙulen da yatsu, kwana biyu ko uku har ya bushe ƙarau. Idan zafi ya shigo a watan Maris, kada a cusa shi a 'yar jakarsa a jefa ƙarƙashin gado, a sa shi sakwa-sakwa a cikin babban buhun yadi a rataye inda ɓera da gara ba za su kai ba.

Nawa dai ya ƙare a hannun jikan dattijon nan na Gidan Idar, wani saurayi da ke kai albasa Tsarnawa a kan amalanke yana kwana a hanya. Ya zuge shi ya mai da shi bargo kamar yadda kakansa ya sharɗanta, yana shimfiɗa buhunan algarara biyu a ƙasa, kuma an gargaɗe shi ya riƙa nisantar wutar masu shayi. Kakan kuwa yana nan da gwadonsa da tarin karan dawa.